Radiyo Ƙashi Yake Gani

Ko da tsufa zai kwashe min komai, ba na jin zai kwashe ranar da na tsaya a gaban kawuna na ce masa a'a. A gidanmu na Gaya ba a yi masa haka, don shi ne babban wan mahaifiyarmu, kuma in ya yanke magana ta yanku.

Inna ce ta faɗo daga kabu-kabu a hanyarta ta dawowa daga kasuwar Malanbil. Ta tashi ta kakkaɓe zani, ta zazzage mai babur tas, ta tattara albasarta ta dawo gida tana dariya. Mu ma muka taya ta. Sai bayan makonni ta fara ciwon kai, tana jan ƙafa, tana zuba gishiri a kunu. Ranar da ta kalle ni ta kira ni da sunan ƙanwarta da ta rasu tun ina goye, na ce sai asibiti.

Muka kai ta asibiti aka yi mata radiyo, wato hoton ƙashi. Aka ce ƙoƙon kai lafiya lau, bai tsage ba. Shi ke nan Kawu ya samu abin riƙewa.

"An yi hoto, ba a ga komi ba," in ji shi. "Ciwon ga ba na likita ba ne, iska ne. Gobe mu kai ta Yelu a yi mata turare."

Ni kuwa akwai taurin kai, kowa ya shaide ni. Na koma na tare majo, babban mai jinya, na ce ya gaya min gaskiya. Ya ce ai tun farko ya faɗa wa Kawu, radiyo ƙashi kawai yake gani. Abin da ke cikin kai sai sikana, wata na'urar hoto daban, ita kuwa sai mun tafi Yamai, kuma kada mu yi jinkiri. Ashe Kawu rabin maganar ya kawo mana gida, don shi a wurinsa hoto hoto ne.

Da safe na same shi har ya kira mota. Na durƙusa na ce, "Kawu, ka yi haƙuri, Yamai zan kai ta."

"Ke ɗiyar ga! In ta mutu bisa hanya fa?"

"To ni na kashe ta. Amma ba zan zauna ina kallo ba."

Na rungumi Inna muka shiga motar wani direba maƙwabcinmu, tana ta barci a kafaɗata, ni kuwa kowane rami muka faɗa sai na taɓa hancinta in ji ko tana numfashi.

A Yamai aka kwantar da ita a wani siririn gado, ya shige da kanta cikin wata na'ura mai baki kamar na rijiya. Ba a daɗe ba likita ya kira ni, ya nuna min hoton a allo. Ga ƙwaƙwalwa, ga wani abu a gefenta kamar jinjirin wata ya danne ta. Ya ce jini ne ya yi ta tsattsafowa tun ranar da ta faɗi, ƙashi kuwa ko gezau. Na fashe da kuka, rabi tsoro, rabi daɗin ganin ciwon da idona.

Aka yi mata aiki aka zuƙe jinin. Da ta farfaɗo sosai ta ƙare min kallo, ta kira ni da sunana, nawa na kaina, ta ce, "Wa kika bar wa albasata?"

Kawu ya biyo mu daga baya. Ya daɗe yana duban hoton nan, sannan ya ce, "Allah ya yi miki albarka." Ba ya son Inna ƙasa da ni, kalma ɗaya ce ta ruɗe shi. Tun daga ranar, duk wanda ya ce min an duba ba a ga komai ba, sai na tambaye shi da me aka duba.