Ɗan Lido Mai Ɓalgataccen Gefe

Har yau in na ji ƙarar ɗan lido cikin gwangwanin madara, sai in ga kaina a ɗakinmu na unguwar Hindawiyya can ƙasa mai tsarki, zaune kan tabarma gaban kakana, mahaifin Baba, fanka tana juyo mana iska mai zafi.

Ɗan lidonmu ya ɓalgace a gefe guda. Ni kuwa na rantse shi ya sa shida take yawan fito wa yayana, don ban iya shan kaye ba tun ina ƙarama. Kaka ya yi dariya ya ce, "To amarya, mu gwada mu gani." Ya jera kofunan shayi shida, ya kawo ƙwallayen dabino. Duk lambar da ta fito, sai a jefa ƙwallo a kofinta. Ranar farko na jefa sau sittin, kofin shida ya fi kowane cika, na tashi ina tsalle. Washegari muka sake, kofin nan ya kusa zama wayam. Muka kwashe lokacin zafi kaf muna wannan aiki, yau in yi gaskiya, gobe in ji kunya.

Baba yakan tsaya ya kalle mu. Ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar, kuma aikin dakon da yake samu yana can unguwar Khumra, ta hanyar da ake tare motoci ana duba takardu. Shi ma ashe yana nasa lissafin. Alhamis bakwai a jere ya wuce ba a tsayar da kowa ba, sai ya yanke cewa ranar Alhamis ba a bincike.

Kaka ya ce masa, "Bakwai ai ba ƙirga ba ce. Yarinyar nan sittin-sittin take jefawa, har yanzu ba ta san komai ba."

"Alhaji, halas, magana ta ƙare, na gane hanyar nan. In na zauna me za mu ci?"

Alhamis ta tara aka kama Baba. Abincinsa na rana ya kwana a rufe. Bayan wasu makonni aka mayar da shi gida Maraɗi, can ya rasu, ban sake ganin fuskarsa ba sai a hoto.

Na daɗe ina jin haushinsa, ba zan ɓoye muku ba. Sai da na girma na gane cewa ni ina da damar sake jefawa sau dubu, shi kuwa kowane gwaji da kansa yake yi.

Yanzu 'ya'yana a waya suke lido, da Larabci suke faɗa da juna, ba gwangwani ba ƙara. Ɗan lidon yana nan cikin akwatina. Kwanaki ƙaramar ta gan shi ta tambaye ni ko yana da magudi. Na ce mata ban sani ba, ba mu ƙarasa ƙirgar ba. Tun Alhamis ɗin nan Kaka ya kife kofunan.