Yadda Malam Sallau Ya Hana Layinmu Motsi

Duk wanda ya zauna a layinmu na bayan kasuwar Suleja ya san Malam Sallau mai ɗinkin hannu ba ya kallon bidiyo kamar sauran mutane. Manna hancinsa yake yi a jikin waya yana ƙirga zare. In zaren bai ƙirgu ba, bidiyon ya zama shara. Ni ne mai hoton da ke jikin shagonsa, ni kuma Allah ya haɗa da wahalar ɗora masa aikinsa a intanet.

Rigimar ta faro ne daga wata babbar riga mai aska takwas da ya yi wata biyar a kanta. Na matse bidiyonta sosai, na rage masa nauyi don ya yi saurin hawa, sai adon ya dame kamar kunu. Wani ya rubuta a ƙasa wai aikin inji ne. Mutumin da ya shekara arba'in yana huda yatsa da allura! Kwana uku bai amsa gaisuwata ba.

Daga nan ya kafa doka, ba sauran matsi. Muka ɗora na gaba da cikakken nauyinsa, tun hantsi har la'asar yana ta juyi. Da ya hau, wani mai saye daga Diko ya bugo, wai datarsa ta ƙare bai ga ko wuyan rigar ba. Malam ya ce masa ya shigo mota ya zo, rigar ba ta cin data.

Da na gaji, na yi masa bayani cewa motsi ne ke cinye kyan hoto, in komai ya tsaya cik, ko an matse zare zai fito. Ni na jawo wa kaina. Da safe Malam ya ɗaure wayar a jikin turmi, ya kashe fanka, ya kori kaji, ya aika wa Maman Grace mai ƙosai ta daina fifita wuta, hayaƙinta na shiga hoto. Ni kuwa aka ce in rage numfashi. Abin haushin, dabarar ta yi. Bidiyon ya fito ba nauyi, ga zare ɗaya-ɗaya. Har ya bar duniya yana cewa shi ya gano.

A shekararsa ta ƙarshe hannunsa ya fara rawa. Ya ɗinka wata hula, layin duk ya karkace. Tausayi ya kama ni, na ce, "Malam, bari in ƙara matse bidiyon wannan kaɗan, ba wanda zai lura."

Ya daɗe yana juya hular, sannan ya ce, "Ɗanladi, bar shi a gani. Inji ba ya rawa."

Haka na ɗora shi, kuma har yau ban iya sake buɗewa ba. Allah ya jiƙan Malam Sallau, ya yafe masa, ya sa ya huta.