Barcin Ɗan Rakiya

A layin awon hawan jini, wani dattijo yana barci a zaune, hularsa a gwiwa, bakinsa a rufe. Ya fi ni tumbi, ya fi ni kaurin wuya, amma ko minshari ba ya yi. Abin haushi!

Ni kuwa likita ya ce numfashina yana ɗaukewa cikin barci, shi ya sa jinina ya ƙi sauka duk da magani.

Nas ta taɓa kafaɗarsa. "Baba, an zo kanka."

"A'a, 'yata, ƙanena na rako."

Ya gyara zama, ya koma barcinsa. Na rantse matarsa ba ta taɓa girgiza shi a tsorace tana kiran sunansa ba. Tawa kullum sai ta yi.