Kafin Muryar Ta Shigo

A kasuwar tsofaffin faya-fayan garmaho ta birnin Memphis a Amurka, wata dattijuwa tana tsaye gaban teburin wani mai suna Darnell. Hular zuwa coci ce a kanta, takalmanta irin na ma'aikatan asibiti, a goge tas.

Darnell yana yi wa masu haɗa kiɗa biyu tallar wani faifai na kamfanin Cleon Tolliver, wani mawaƙi da ya fitar da faifai tara daga bayan shagon aski, ya rufe kamfanin cikin shekara biyu. Gangar da ke farkon faifan ta shiga waƙoƙin zamani ba adadi, ita kaɗai ake nema. Yana ɗora allurar garmaho a kan faifan, ganga ta buga daƙiƙa shida, ya ɗage, ya mayar farko.

Duk sa'ad da gangar ta zo ƙarshe, dattijuwar tana jan numfashi, kafaɗunta su tashi, bakinta ya buɗe. Sai Darnell ya ɗage allurar. Wanda ya taɓa tsayawa gaban makirfo ya san wannan numfashin.

A karo na huɗu ta ce, "Ɗana, bar shi ya ci gaba mana."

"Mama, ai sauran ba komai," in ji Darnell yana dariya. "Wata mata ce kawai take ta ihu."

Ta dube shi, ta gyara riƙon jakarta.

"Sau goma sha bakwai Cleon ya sa na maimaita ihun nan," ta ce a hankali. "Cikin zafin Agusta, ba fanka."

Ɗaya daga cikin masu sayen ya ce a sake sa musu gangar.