Butar Malam a Hanyar Sabuwa

Me ya sa ran nan Malam ya ce in wanke ragar gaban injin motarsa da hannuna? Shekara ashirin buta kawai nake riƙe masa, ina zuba ruwa yana gogewa. Sai ranar da zai rasu ya miƙo mini burushin, ya tsaya a kaina yana nuna mini. Ya sani ne, ko bayansa ne ke ciwo? Na tambayi kaina har na gaji. Ni ban yi karatu ba, faɗa nake ɗiyata tana rubutawa, na kuma ce mata inda kuka ya ci ƙarfina ta jira ni.

Mun tashi daga Ƙanƙara bayan sallar asuba, da gari ya yi haske, kwana uku da fitata takaba. Ni ce da ƙanen Malam, shi ke tuƙi. Sabuwa muka nufa, ɗauko yayata. Ta tsufa, tana fama da ciwon numfashi, kuma mu biyu muka rage a ɗakinmu. Bara an sa ta a motar haya, zafi da ƙura suka shaƙe ta, ta suma a hanya, aka mayar da ita. Saboda ita Malam ya kai tsohuwar motarsa aka gyara esi, abin sanyin nan. Allah bai nufa shi zai je ba.

A Sheme muka tsaya muka sayi ƙosai da mangwaro, bana ya yi arha. Rana ta fara dukan mota, ƙanen Malam ya rufe gilasai ya kunna esi. Ya ɗan yi sanyi, can sai iska ta koma kamar ta bakin murhu. Ya ce, "Hajiya, motar ma ba ta fita takaba ba." Na yi dariya, amma Yaya na tuna. In babu sanyi, Yaya ba za ta shigo motar nan ba.

A Faskari aka nuna mana wani dattijo mai gyaran esi a gindin bedi. Ya sa hannu a bakin iskar, ya ce gas ne ya tsiyaye, nasa kuma ya ƙare, sai gobe za a kawo daga Funtuwa. Wannan hanya ba a kwana a kanta, kowa ya san dalili, ga Yaya na can ta ɗaure kaya. Na fito daga mota na ce ya fara duba ragar gaba, don in ta toshe esi ba ya sanyi.

Ya ce, "Hajiya, ke ma makanike ce?"

Na ce, "Ba ni buta dai."

Da aka ɗaga murfin, shi kansa sai da ya yi salati. Wata huɗu da kwana goma motar na tsaye kusa da rumbu, ba wanda ya taɓa ta, kowa na jin nauyi. Mata kuwa nan suke sheƙe hatsi. Ƙaiƙayi ya toshe ragar kamar an yaɓe ta, zanzaro ya yi ɗakuna har uku. Na ɗauko burushin Malam a inda yake ajiye shi. Ruwa a hankali, burushi ya bi layin ƙarfen, ba a gicciye ba, don kada ya lanƙwashe. Hawaye na zuba, ruwan laka na zuba. Da aka tada mota, iskar ta fito kamar daga bakin randa. Dattijon ya ɗora agogonsa na awo, ya ce gas na nan lafiya, bakinsa ne ya riga idonsa. Ya ce mu riƙa kunna esi duk mako ko ba tafiya, don kada robobin su bushe. Na ce Malam duk Juma'a yake yi.

Hanyar Sabuwa ramuka ne da itatuwa. Muka wuce shingayen jami'an tsaro, kowa na addu'a. Amma na ga mutane suna sharar gona, har da masu kai taki a kan jakuna. Wanda ke kai taki bai fid da rai ba.

Muka tarar da Yaya a ƙofar ɗaki zaune kan ƙullin kayanta. Muka rungume juna, ta yi mini ta'aziyyar da ba ta samu zuwa yi ba. Da ta shiga mota ta ja numfashi mai tsawo, ta ce, "Wanga sanyi hwa?" Na ce na Malam ne. Ta ce Allah ya sanyaya makwancinsa, ta kuma ce in ara mata mayafi. Barci ta yi har Ƙanƙara, ko tari ɗaya. Mun shiga gida ana kiran la'asar.

A da na ɗauka da aka binne Malam an binne duk abin da ya sani. Ashe wani ya rage a hannuna ban lura ba. Yanzu Yaya na ɗakina, duk Juma'a ni ke wanke ragar, ita ke riƙe mini buta.

Ran nan da zai rasu, da na kai rabin ragar, Malam ya duba, ya dafa motar, ya ce da ni, "Yauwa, kin iya. Ki ƙarasa, ni bari in ɗan zauna."