Injin Ban Ruwan Kawu Bitrus

Duk wanda ya san Kawu Bitrus, yayan mahaifiyata, ya san ba ya cire leda daga jikin sabon abu. Rediyonsa ma ta cikin leda muke jin labarai. Wai cire leda raina kamfani ne.

Da ya yi ritaya daga aikin masinja a Samaru, sai ya kwashi kuɗin sallamarsa ya tafi unguwar PZ, shagon wani ɗan kabilar Ibo da ake kira Oga Chidi, ya sayo injin ban ruwa don noman rani a fadamarsa ta Bomo. Abin da ya fi burge shi shi ne garantin shekara guda. An ce masa in injin ya lalace kamfani zai gyara, muddin wani makanike bai taɓa hatimin jikinsa ba.

Tumatir na fara fure, injin ya yi tari ya mutu. Na ɗauko Ɗanladi makanike, ya ja igiya ya saurara, ya ce ƙaramin aiki ne, kafin azahar ruwa zai gudana. Kawu ya sha gabansa ya rungume injin. Ɗanladi ya ce to tumatirin fa, Baba?

"Tumatir ya yi haƙuri," in ji Kawu. "Shi ba shi da garanti."

Oga Chidi ya ce shi sayarwa kawai yake yi, kamfanin yana Kano, kuma ya aika musu. 'Yan'uwa suka ce a je kotu, Kawu ya ce shi ba ya gaba da kamfani, saƙo ne bai isa kunnensu ba. Sai ya tsiri ɗaura injin a bayan keke kullum da safe, ya je ya zauna a ƙofar shagon. Duk mai sayayya da ya zo sai ya gaishe shi, ya yaba masa shagon, ya ce injin ma mai kyau ne, aiki ne kawai ba ya yi. Da yamma kuma shi da matarsa Inna Rahila su yi ta jidar ruwa da bokiti har bayansu ya ƙage.

Da ciniki ya fara gudun shagon, Oga Chidi da kansa ya roƙi shugaban 'yan kasuwa ya kira zaman sulhu. Ni na raka Kawu. Wakilin kamfani, wani saurayi mai nakataye ɗaure a wuya, ya buɗe injin ya ce taɓo ya sha, garanti kuwa na ruwa mai tsabta ne.

Kawu ya dube shi da tausayi. "Ɗana, da ina da ruwan famfo a gona, me zai kai ni wurinku?"

Har shugaban sai da ya yi dariya. Aka daidaita a kan kamfani zai tafi da injin ya gyara kyauta, Kawu kuma ya daina zaman ƙofar shago. Ya dawo gida yana faɗa wa kowa ya yi nasara. A makon ne muka saki awaki cikin gonar, don babu sauran abin da za a ceta.

Sai da damina ta kankama aka dawo da injin, fes da shi, yana aiki. Amma jidar bokiti ta riga ta karya Kawu, ko keke ba ya iya hawa. Fadamar ma jinginar da ita aka yi saboda asibiti. Na same shi kwance a zaure, injin na gefensa, na fara zagin kamfanin. Ya ɗaga mini hannu.

"Bar su, ɗan nan. Sun cika alkawari. Ni ne ban kai ba."

Bai ga rani na gaba ba.

Ubangiji ya ba ka hutawa, Kawu. Ya riƙe Inna Rahila, ya sassauta mata ciwon bayan da har yau ba ya barinta barci.