Hajiya Mahbuba, Wadda Ta Ƙi Kiran Goro Jini

Kullum ƙarfe bakwai da rabi Hajiya Mahbuba ke isowa daga Takur, ta shiga ɗakin gwaje-gwajen da take aiki a nan Dutse. Ta wanke hannu, ta zura safar hannu, ta yi bismilla, sai ta duƙa kan madubin duba ƙwayoyin cuta. Shekara talatin da biyu ke nan, a wannan watan ta yi ritaya. Aikinta wanda kowa ke toshe wa hanci ne: tsumman da 'yan sanda suka kawo, ita ke faɗin jini ne a jikinsa, ko miyau, ko wani abin. Takan ce kowane ruwan jiki da irin ƙwayoyin da ke zaune cikinsa, na baki daban, na hanji daban.

Ni ganau ne, ba jiyau ba. Shekara uku da suka wuce aka tsinci wani manomi, Hussaini, a sume a gonarsa a Buji, kai a fashe. Kawuna Malam Isah ne maƙwabcinsa, kuma kowa ya san sun sha cacar baki kan iyakar gona. Aka duba taguwar Kawu, ga ɗigo-ɗigon ja a ƙirji. Shi ke nan, gari ya yanke hukunci, aka tafi da shi. Ya yi ta rantsuwa, amma wa ya saurare shi?

Hajiya ta kankare tabon, ta jiƙa, ta gwada sau biyu. Babu jini ko ɗis, sai ƙwayoyin baki da ɓarɓashin goro. Kawu dai goro ba ya barin bakinsa, in yana magana har rigarsa na samun rabo. Jami'in da ya kawo taguwar ya nemi ta sake dubawa, wai mutane sun riga sun gama magana. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ba zan kira goro jini ba."

Aka sako Kawu. Kwana tara bayan nan Hussaini ya farfaɗo, ya ce ɗaya daga cikin shanun huɗarsa ne ya tunkuye shi.

Hajiya, ke ce mai gaskiya ba don a gani ba. Mun gode, wallahi har zuci. Ku masu tasowa a aikin nan, ku riƙe abin da idonku ya gani ko da gari ya faɗi wani.

Kawu bai taɓa ganinki ba. Ranar da na gaya masa sunanki ya goge ido, ya ce, "Allah Ya rufa mata asiri yadda ta rufa mini."